Hujin Allura a Gefen Shafi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bina a wannan shafi. Na ga saƙonninku duka. Na ga masu tambaya ko an sa rana, na ga baiwar Allahn da ta turo min hoton leshi ruwan goro wai shi zai fi karɓata ranar da mutanen Abdulfatahi za su zo. Allah ya bar zumunci. Amma yau ba zancen leshi na zo da shi ba. Akwai abin da na ɓoye muku tun ranar da na fara ba ku labarina, kamar yadda na ɓoye wa kowa a Kontagora, jiya Alhamis kuma ya fito fili. Tunda ya riga ya fita, gara ku ji daga bakina.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Salihatu, shekaruna ashirin da bakwai, ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifina Malam Ɗan'azumi shi ne mai ofishin cike wa 'yan kasuwa takardun haraji da ke saman bene kusa da inda motocin Bangi suke lodi. Ɗaki biyu ne, tebur uku, fanka mai ƙara, da kwamfuta guda ɗaya wadda ta girmi autarmu. Ɗan kasuwa zai zo mana da rasitansa cikin buhun shinkafa, wasu da maiƙon suya, wasu ɓera ya ci rabi, mu zauna mu tsince, mu fitar da abin da ya kamata ya biya, mu cike takardu. Daga ƙarshe sai mai lambar rajista ya sa hannu ya buga hatiminsa. In babu wannan hannu da wannan hatimi, duk wahalar da aka sha takarda ce kawai ta ƙunshe ƙosai. A ofishinmu kuwa Baba kaɗai ke da lamba.

To, Baba ba ya gani. Shekara uku ke nan.

Hawan jinin ido ne. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Yana bambance taga da bango, yana sanin an kunna fitila, shi ke nan. Amma in kun kalli idon nan tas yake, ba yana ba ja, ga farin tabarau a kai. Kullum da safe ni ce a gaba da taku ɗaya, da awarwaro huɗu a hannun hagu, shi kuma yana bin ƙararsu har mu hau matakala goma sha bakwai. Mutanen gari cewa suke Malam Ɗan'azumi ya yi girman kai tun da ya tsufa, sai an gaishe shi yake gaisuwa. Ya gwammace a ce masa haka.

Ni nake yin aikin duka. Ni nake sa hannunsa kuma. Kada ku ce ban san laifi ba ne, na sani sarai, na karanta shi a aji. Sati biyu na yi ina koyon wannan sa hannu a bayan tsofaffin kalanda, Mama na riƙe da na asali a hannu ɗaya nawa a ɗayan tana cewa wutsiyar ta yi tsawo, ki rage. Ranar da ta kasa bambancewa ta yi hamdala, ni kuwa na shiga banɗaki na yi kuka.

Za ku ce me ya hana ni samun tawa lambar. Na gama HND a Bida, na ci matakai biyu na jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun haraji, saura na ƙarshe da kuɗin rajista. Sai dai duk watan Janairu kuɗin abu ɗaya ake samu a gidanmu: ko a sabunta rajistar Baba, ko a biya tawa. In ba a sabunta tasa ba, ofis ya rufe kafin ni in fito, ga ƙanne huɗu a makaranta. Saboda haka kowace shekara maganar ɗaya ce, bana na Baba, baɗi naki. Sau uku ina jin wannan baɗin. Bana ma aka ƙara kuɗin, aka haɗa da na wani kwas na dole. Baba ya ce a taronsu na masu ƙananan ofisoshi ba a wata hira sai uku: kuɗin rajista, tsoron odit, da yadda za a yi da tsofaffin kwamfutoci tunda komai yana komawa intanet. Yakan dawo yana ba mu labari yana dariya, kamar shi ba abin da ya dame shi.

Odit shi ne abin da ba zan iya yi masa ba. In masu binciken haraji suka kira fayil, wanda ya sa hannu shi zai zauna a gabansu ya kare kowane layi. Ga yadda muke yi. Baba mahaddaci ne tun yana yaro, kansa ba ya zubar da abu. Sai in zauna in karanta masa fayil ɗin daga farko har ƙarshe, safe da yamma, har ya haddace shi kamar sura. Sannan in ɗauki allurar ɗinkin Mama in huda ƙasan shafi ta gefen dama a farkon kowane sashe: huji ɗaya kayan da aka saya, biyu kayan da aka sayar, uku albashi, huɗu kuɗin mota. In aka tambaye shi, babban yatsansa zai bi gefen takarda a hankali ya tsaya inda ya dace, ya gyara tabarau, ya ɗora manuniya a kan shafi yana karantowa daga ka. Sau biyu muka yi haka muka fita lafiya. A na biyun har mai binciken ya ce wa abokin aikinsa ya koyi tsari wajen dattijo.

Wannan shi ne gidan da Abdulfatahi ya shigo neman aure.

Kun san shi a labaran baya, amma bari in maimaita. Daga Minna ya zo shekara biyu da suka wuce, ya buɗe nasa ofishin a hanyar Legas, kwamfuta uku sababbi, sola a kan rufi, lambarsa da hatiminsa a aljihu. A layin ofishin haraji muka haɗu, ya ga na gyara wa wani ma'aikaci lissafi ba tare da na taɓa kalkuleta ba, tun ranar yake kirana Akanta Janar. Wata takwas ke nan. Mutum ne mai guga a kaya da guga a magana, hularsa ba ta karkacewa, saƙonsa na safe ba ya wuce ƙarfe shida da rabi. Kuma ina son shi, wannan ban taɓa ɓoye muku ba. Gobe Asabar ne manyansa za su zo gaisuwa wajen baffannina.

Sau nawa na ɗauki waya in gaya masa. Mama ce ta hana. Tsarinta a shirye yake: a ɗaura aure tukuna, sannan a zaunar da shi a matsayin ɗa, ya ɗauki ofis da lambarsa, Baba ya yi murabus da mutuncinsa, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na ce mata wannan ai auren lamba ne za a yi, ba nawa ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta kalle ni.

"Shekara talatin da biyu ubanki yana rufa mana asiri. Wata biyu ne ba za ki iya rufa masa ba?"

Ta sa na yi mata alkawari, na yi.

Kwana goma sha ɗaya da suka wuce takardar odit ta iso, a kan fayil ɗin Alhaji Ɗanmalam na Bangi, dillalin masara da wake, wanda shi ne ƙashin bayan ofishinmu. An sa Alhamis ƙarfe goma. Ban tsorata ba, don fayil ne mai tsabta, ni na haɗa shi da hannuna. Kwana tara muna tilawa da Baba a kan tsohon kwafi mai cike da gyaran jan biro. Saura kawai in buga sabo in huda.

Ranar Talata da la'asar hadari ya haɗu, aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Na ji wani ɗan ƙas, sai warin ƙonannen waya. Kwamfutar nan da muke lallaɓawa kamar tsohuwa mai ciwon baya ta tafi, ta ja firinta suka tafi tare. Baba daga ɗakinsa ya ce, "Uwata, mene ne ke ƙauri?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na gaya masa. Sai ya tambaya ko ina da fayil ɗin a filash. Ina da shi. Amma dokar Baba ce tun fil azal ba a kai sirrin ɗan kasuwa shagon buga takardu, inda yaran gari ke leƙa allo.

Na tura wa Abdulfatahi saƙo: "Kwamfutarmu ta ƙone. Ga odit jibi."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Subhanallahi. Akanta Janar, kada ki damu. Kawo filash ɗin, ni zan buga."

Ya zo da kansa cikin ruwa, ƙafar wandonsa jiƙe, ya durƙusa ya gaida Baba, ya karɓi filash. Ya ce Laraba da safe zai kawo. Laraba da safe ya ce tawadar firinta ta ƙare, ya aika Minna. Da yamma ya ce motar ba ta iso ba. Na ce masa ya ba ni ko a wace irin takarda ce, ina da abin da zan duba a ciki. Ya rubuto: "Ki yarda da ni mana. Gobe da sassafe yana hannunki." Har da hoton zuciya.

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar Alhamis ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ina sanye da atamfa ruwan toka da farin mayafi, don Baba ya ce ba a zuwa odit da kwalliya. Baba kuwa ya sa farar shaddarsa ta Juma'a da Mama ta goge tun daren jiya, har da turare. Fayil ɗin da Abdulfatahi ya miƙo min ya yi kyau kamar littafin banki, kwafi biyu, an ɗinke da zoben roba, bango mai sheƙi. Ya ce shi ma yana da wani aiki a ofishin harajin, zai same mu a can. Ya hau mashin ɗinsa ya wuce.

A cikin keke napep na fito da allura daga bakin mayafina. Hanya duk ramuka da ruwa, minti ashirin ya rage. Na duba shafin ƙarshe, arba'in da biyu, daidai da nawa. Sai na bi lambobin shafi da na haddace: biyar, sha ɗaya, sha bakwai, ashirin da uku. Ban buɗe ko ɗaya gaba ɗaya ba. Kusurwa kawai nake ɗagawa, in ga lamba, in huda. Na sa hannun Baba a shafin ƙarshe a kan cinyata, ya buga hatimi inda na ɗora masa hannu.

"Kin duba, Uwata?"

"Na duba, Baba."

Ku riƙe wannan amsa. A shekara ukun da na yi ina zama idonsa, ban taɓa karanta masa abin da babu a takarda ba, ban taɓa tsallake layi don ya ji daɗi ba, ko takardar asibiti ce. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa, kuma ban ma ɗauke ta ƙarya ba a lokacin.

Mai binciken da aka turo daga Minna ita ce Madam Vivian. Da na ga ita ce sai hankalina ya kwanta. Lokacin da aka fara ɗaukarta aiki a Kontagora aka ajiye ta, Baba ne ya koya mata yadda ake karanta littafin ɗan kasuwar hatsi, har yau in ta zo gari sai ta aiko masa da doya. Ta miƙe tsaye da ta gan shi, ta gaishe shi da Hausarta ta mutanen Minna, ta tambayi Mama da yara. Alhaji Ɗanmalam ya zauna gefe da carbinsa, ni kuma a kujerar baya, kamar 'yar rakiya. Ta tagar ƙofa ina hango hular Abdulfatahi a kan bencin waje.

Tambaya ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Yatsan Baba na tafiya, muryarsa na fita tar, Alhaji na gyaɗa kai yana murmushi irin na wanda ya san ya ɗauki gwani. Sai Madam ta ce a je kuɗin mota, dakon masara daga Bangi zuwa Kontagora.

Baba ya lalubo huji huɗu, ya buɗe, ya gyara tabarau, ya ɗora manuniya a saman shafi ya fara. Watan Oktoba, tirela kaza. Nuwamba, kaza. Bai yi kuskuren ko sisi ba. Na ɗaga kai don in bi shi da ido kamar yadda na saba, sai na ga abin da ke rubuce da manyan baƙaƙe a saman shafin da yatsansa ke bi: hayar sito da kuɗin masu gadi. An sauya wa sassa biyu wuri, an sake musu lamba. Kuɗin mota ya koma shafi na talatin da ɗaya.

Na yi tari. Na girgiza awarwaro. Baba ya ɗan karkato kunne, amma bai san me nake nufi ba, don ba mu taɓa shirya alamar tsayawa ba. Ya ci gaba, yatsa na sauka layi bayan layi a kan sunayen masu gadi yana kiran tireloli.

Madam Vivian ta daina rubutu. Ta dubi nata kwafin, ta dubi nasa, ta dubi fuskarsa. Ta bar shi har ya kai ƙarshe. Sannan cikin ladabi ta roƙi Alhaji ya ɗan ba su wuri, akwai maganar ma'aikata. Da ya fita ta tashi ta rufe ƙofa da kanta. Ta yagi takarda, ta yi rubutu babba da baƙin biron rubuta allo, ta tura gaban Baba.

"Baba, karanta min wannan."

Daga inda nake ina ganin abin da ta rubuta. Ba lissafi ba ne. Cewa ta yi, ina kwana Baba.

Ya ɗauki takardar. Ya shafa gefenta na dama da babban yatsa, ya sake shafawa. Wallahi wannan shafawar ita ce ba za ta bar ni ba har in mutu. Sannan ya ajiye ta, ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihun gaba.

"Ba zan iya ba, Vivian."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Ta zauna. Ta tambayi wa yake sa hannu. Baba ya ce shi ne. Na ce ni ce. Ba ta ko kalle ni ba, ta ce ba ta tambaye ni ba kuma ba ta ji ni ba, in kama bakina. Idonta ya kawo ruwa, ta share da bayan hannu. Ta ce lissafin Alhaji babu inda ya karkace, wanda ya haɗa shi ya san aiki. Amma ita ba za ta iya rubuta cewa mai hatimi ya karanta ya kare fayil a gabanta ba, alhali ta ga abin da ta gani. Litinin za ta miƙa rahotonta. In kafin nan wani mai lamba ya duba fayil ɗin ya ɗauke shi da nasa hatimin, Alhaji ba zai cutu ba. Shi kuma Baba, shawararta ya mayar wa ƙungiya hatiminsa da hannunsa kafin rahoton ya riga shi isa, don wanda ya ajiye da kansa ba a karanta sunansa a taro.

Baba ya yi mata godiya. Godiya fa. Ya ce ta yi aikinta yadda aka koya mata. Ya miƙe, ya miƙo min hannu a gabanta, karo na farko a bainar jama'a, na kama. Muka fito ta gaban Alhaji Ɗanmalam da ya buɗe baki yana kallon hannuwanmu. Bencin waje babu kowa.

A gida Baba ya shige ɗakinsa ya zauna kan darduma da shaddarsa, bai cire ko hula ba. Ya fito da hatimin daga aljihu yana juya shi a tafin hannu. Mama ta ji labari a tsaye a bakin murhu, tuwon rana ya kama ta bar shi ya ƙone. Ba ta yi kuka ba, Mama ba ta kuka sai ta gama shiri. Ta ce in kira yaron nan yanzu, ai abin da muke jira ne ya zo da wuri, ya zo ya sa hatiminsa, ya karɓi ofis, Asabar kuma tana nan. Ta ce in lallashe shi, in ba shi haƙuri a kan ɓoyewar, in ce kunya ce.

Na shiga ɗakinmu na zauna bakin gado, akwatin kayan da zan sa ranar Asabar a buɗe kusa da ni, leshi da ɗankwali da takalmin da ƙawata ta aro min. Na kira sau biyu bai ɗauka ba. Na rubuta: "Akwai abin da ban gaya maka ba game da Baba. Ka yafe min. Shafukan sun sauya wuri, ina jin wajen bugawa ne."

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Sai saƙonni suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wajen bugawa ba ne, Salihatu. Ni na sauya su."

"Na san Baba ba ya gani tun watan azumi. Ranar da na sha ruwa a gidanku Mama ta janye farantin dabino, ya kai hannu inda yake a da. Bayan sati na ga hujin allura a wani fayil kan teburinki. Wata biyar ina jira ki gaya min da bakinki."

"Hannun da ke kan takardun nan naki ne. Ranar da fayil mai matsala ya faɗo hannun wanda bai san Baba ba, ke za a kai kotu, kuma ba za ki taɓa samun lamba ba har abada. Ku kuma ba za ku daina ba, baɗi ma za a ce baɗi. Shi ya sa na zaɓi fayil mai tsabta, na zaɓi ranar Madam Vivian. Ban ga wata hanya da ta fi wannan sauƙi ba."

Na karanta sau uku. Na tuna tawadar da ta ƙare, da motar Minna da ba ta iso ba, da hoton zuciya. Na tuna yadda ya durƙusa da jiƙaƙƙen wando ya gaida mutumin da ya riga ya yanke wa hukunci. Abin da ya fi ci min rai shi ne wani ɓangare na zuciyata ya ce gaskiya ya faɗa. Shekara uku ban yi barci mai nauyi ba, duk mashin da ya tsaya a ƙofar ofis sai gabana ya faɗi. Amma wa ya ba shi? Wa ya ce masa yatsan ubana abin gwaji ne? Da ya zo ya zauna gaban Baba ya ce na sani, ku daina, da ko zagi ne ya sha, da na ce namiji ne.

Na rubuta: "Me ya hana ka yi masa magana?"

"Da zai ji? Ke da Mama da za ku bari?"

Sai na ƙarshe ya shigo.

"Gobe zan sa hatimina a fayil ɗin Alhaji. Sauran fayilolin ma ku tattaro su ofishina, akwai wuri, akwai tebur ɗinki. Janairu ni zan biya rajistarki. Manyana suna nan zuwa Asabar in sha Allahu, ban fasa komai ba."

Sauran fayilolin. Ɗari da sittin da wani abu ne, 'yan kasuwar da Baba ya tara tun kafin a haife ni, daga Bangi har Tungan Magajiya. Ku gaya min, 'yan uwa, don ni kaina ya kulle: wanda ya cece ni ne wannan, ko wanda ya ga ofis ya nuna ya girgiza reshe? Ko duka biyun ne a cikin hula ɗaya? Na kalli leshin nan na ji kamar in sa masa ashana.

Mama ta leƙo, ta karɓi wayar daga hannuna ba tare da ta tambaya ba. Karatunta a hankali yake, leɓenta na motsi. Na ga fuskarta ta sauya a saƙo na farko, ta ƙara sauyawa a na uku. Da ta kai na ƙarshe sai ta ja dogon numfashi, ta mayar min da wayar, ta ce ƙasa-ƙasa na ƙarshen kawai za a gaya masa. Sauran in goge. Ta ce ubana ya rasa ido ya rasa hatimi a rana ɗaya, ba za a ƙara masa da wannan ba, ƙannena kuma ba za su ci fushina su ƙoshi ba.

Kafin in ce wani abu muryar Baba ta fito daga ɗakinsa. Kunnensa ba ya kuskure ƙarar shigowar saƙo, ya ƙirga su sarai.

"Uwata. Zo."

Na je na durƙusa a bakin darduma. An fara kiran la'asar a masallacin layinmu. Hatimin na gefen gwiwarsa, ya naɗe shi cikin hankici kamar abin da za a kai unguwa. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta bayansa, duk da ta san ba zai gan ta ba ko da a gabansa take, tana girgiza min kai, ta ɗora yatsa ɗaya a leɓe.

"Yaron nan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Saƙo biyar na ji. Karanta min yadda kika saba, daga sama, kada ki tsallake."

Na dubi Mama. Na dubi idon nan nasa fari tas da ke kallon saitin kafaɗata. Da safe ya tambaye ni ko na duba na ce na duba, ga inda ta kai mu. Na goge allon wayar da gefen mayafina, na matsa kusa da kunnensa na dama wanda ya fi ji, na fara daga na farko.